HAKKIN MAI SAYEN GIDA IDAN AN ƁOYE MASA ASBESTOS: JAWABI GA JAMA'AR BANGI DA KEWAYE

 An shirya wannan jawabi ne domin mutanen Bangi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Mariga a ƙasar Kontagora ta Jihar Neja, amma abin da ke cikinsa ya shafi kowane ɗan Nijeriya da ke da niyyar sayen gida ko sayar da shi.

Gida shi ne ciniki mafi girma da yawancin mutane za su yi a rayuwarsu. Wani sai ya sayar da shanu, wani ya haɗa amfanin gona na shekaru, wani kuwa kuɗin sallamarsa daga aiki zai zuba gaba ɗaya. Daɗin daɗawa, rashin tsaron da ya addabi ƙauyukan Mariga da maƙwabtanta, musamman daga shekarar 2020, ya sa iyalai da yawa sun koma Bangi da Kontagora suna neman matsuguni cikin gaggawa. Mai gaggawa kuwa ba ya tsayawa duba rufi. Shi ya sa aka ga ya dace a yi bayani a kan wani aibi da ido ba ya gane shi da sauƙi, watau asbestos, da kuma hakkin da mai saye yake da shi idan mai sayarwa ya sani ya yi shiru, ko kuwa aka tambaye shi ya yi ƙarya.

MENE NE ASBESTOS?

Asbestos wani ma'adini ne da ake haƙowa daga cikin ƙasa. Idan aka farfasa dutsensa sai ya rabu sili-sili kamar zare. Ba ya cin wuta, ba ya tsatsa, gara ba ta cinsa, ga shi kuma da araha. Saboda haka masana'antu suka riƙa cuɗa shi da siminti suna yin kwanon rufi, da allunan silin, da bututun ruwa. A irin wannan haɗi, asbestos yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Iri uku ne suka fi shahara a kasuwa: fari, da ruwan ƙasa, da shuɗi. Farin shi ne aka fi amfani da shi a duniya.

A Nijeriya an fara yin waɗannan kayayyaki tun wajen samun mulkin kai. An kafa kamfanin Nigerite a Ikeja, da Emenite a Inugu, da Eternit a Safele, da Giwarite a Kano, da kuma wata masana'antar asbestos a Bauchi. Lokacin da kuɗin man fetur ya shigo, aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976, aka kuma fara shirin ilmin firamare kyauta a wannan shekara, sai gine-gine suka yawaita: makarantu, asibitoci, ofisoshi, barikoki da gidajen ma'aikata. Daga 1979 zuwa 1983 kuma aka yi gidaje masu sauƙin kuɗi da jama'a ke kira gidajen Shagari. Da yawa daga cikin gine-ginen wancan zamani an yi musu silin ko rufi na asbestos, masu hali kuma suka kwaikwaya a gidajensu, domin a lokacin alama ce ta ci gaba. Manyan kamfanonin sun koma yin kayan da babu asbestos a cikinsu a farkon shekarun 2000, amma abin da aka riga aka kafa yana nan bisa kawunan mutane.

INA HAƊARIN YAKE?

Ya kamata a fahimci wannan da kyau, domin kada tsoro ya wuce gona da iri. Allon silin ko kwanon da yake lafiya lau, bai tsage ba, ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne, domin siminti ya riƙe zaren. Haɗarin yana tasowa ne idan allon ya tsufa ya fara marmashewa, ko yoyon ruwan sama ya ruɓar da shi, ko aka fasa shi, aka huda shi da ƙusa, aka yanka da zarto, ko aka kankare shi. A nan ne ƙananan zaruruwa suke tashi cikin iska. Ido ba ya ganinsu, hanci ba ya jin warinsu, ba sa sa tari nan take. Idan aka shaƙe su sai su maƙale a cikin huhu, su zauna shekara da shekaru.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan. A 1924 wata ma'aikaciyar masaƙar asbestos mai suna Nellie Kershaw ta rasu a garin Rochdale na Ingila, likitan da ya duba huhunta ya rubuta rahoton da ya fara jawo hankalin duniya. A 1955 Richard Doll ya nuna alaƙar asbestos da sankarar huhu. A 1960 kuma likitoci a Afirka ta Kudu suka gano wata sankara da ke kama fatar da ta lulluɓe huhu a tsakanin mutanen da ke zaune kusa da wuraren haƙar shuɗin asbestos, har da waɗanda ba su taɓa aiki a mahaƙar ba. Daga baya an tabbatar yana kawo sankarar maƙogwaro da ta ƙwan mace, ban da ciwon da ke sa huhu ya ƙandare har numfashi ya gagara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kowane irin asbestos, har da farin, yana kawo sankara, kuma ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 200,000 suke mutuwa a kowace shekara saboda shaƙarsa a wurin aiki. Abin da ya fi wahala shi ne ciwon ba ya bayyana sai bayan shekara 20 zuwa 40. Yaron da ya yi wasa da fasasshen allo yau, sai ya zama magidanci kafin abin ya nuna kansa. Mai shan taba kuwa haɗarinsa ya ninka. Saboda haka ƙasashe fiye da 50 sun haramta shi: Faransa a 1997, Ingila a 1999, Tarayyar Turai baki ɗaya a 2005, Afirka ta Kudu a 2008.

A Faransa, wanda zai sayar da gidan da aka ba da izinin gina shi kafin 1 ga Yuli 1997, tilas ne ya miƙa wa mai saye takardar binciken asbestos. Cinikin gida a Nijeriya bai ginu a kan irin wannan takarda ba. Don haka nauyin bincike yana wuyan mai saye, kuma hakkinsa ya dangana ga abin da ya tambaya, da abin da aka amsa masa, da abin da aka rubuta.

WANI MISALI

Alal misali, a ce wani manomi daga wani ƙauye a ƙasar Mariga ya sayar da shanunsa ya sayi gida a Bangi a kan naira miliyan 6. An gina gidan a shekarun 1980. Ranar da dillali ya kai shi dubawa, ya tarar da silin fari fat, an yi masa sabon fenti. Aka yi ciniki, aka ba da kafin alƙalami, aka cika kuɗi gaban mai unguwa, ya tare da iyalinsa. Da damina ta sauka sai silin ɗakin yara ya jiƙe, ya ɓantare, gari-gari yana zuba a kan tabarma. Kafintan da aka kira ya ce ai shi ma ya taɓa duba wannan silin, ya gaya wa tsohon mai gidan cewa asbestos ne kuma ya ruɓe, sai an cire. Mai gidan ya ce a'a, a cike tsagar a shafe da fenti, tun da sayarwa zai yi.

To, mene ne hakkin wannan manomi? Amsar ta dangana ga dokar da aka ƙulla cinikin a kanta, domin a Jihar Neja, kamar sauran jihohin Arewa, dokar da aka gada daga Ingila da shari'ar Musulunci suna aiki kafaɗa da kafaɗa a sha'anin ciniki.

ABIN DA DOKAR DA AKA GADA DAGA INGILA TA TANADA

Tushen wannan doka a cinikin gida shi ne mai saye ya buɗe idonsa. Wajibi ne mai sayarwa ya bayyana duk wata ɓoyayyiyar matsala da ta shafi mallaka, kamar jingina, ko rigimar gado, ko hakkin wani a kan filin. Amma game da lafiyar ginin kansa, shirun mai sayarwa kaɗai ba ya zama laifi. Idan ba a tambaye shi ba, bai kuma ce komai ba, bai ɓoye komai da hannunsa ba, da wuya mai saye ya yi nasara a kotu. Wannan magana ce mai ɗaci, amma gara a ji ta tun kafin kuɗi su bar hannu.

Sai dai akwai hanyoyi huɗu da shirun yake daina kare mai sayarwa.

Ta farko, ƙarya. Idan aka tambaye shi ko akwai asbestos ya ce babu, alhali ya san akwai, ko kuwa ya amsa da gangan ba tare da ya damu ko gaskiya ne ko ƙarya ba, kuma mai saye ya dogara da amsar ya biya kuɗi, to wannan yaudara ce. Maganar da dillalinsa ya yi a madadinsa ma tana iya hawa kansa.

Ta biyu, ɓoyewa da aiki. Wanda ya cike tsaga, ya shafe ruɓaɓɓen allo da fenti, ko ya kafa sabon silin na roba a ƙarƙashin tsohon domin kada a gani, doka tana ɗaukarsa tamkar ya yi ƙarya da bakinsa. Fenti na gyara daban, fenti na rufe aibi daban. Niyya da shaida su ne ke bambanta su.

Ta uku, rabin gaskiya. Wanda ya ce an sake silin falo da sabon kaya, ya yi shiru a kan sauran ɗakuna domin a zaci duk gidan aka sake, ya faɗi gaskiyar da ke haifar da ƙarya.

Ta huɗu, alkawarin da aka rubuta. Idan takardar ciniki ta ce babu asbestos a gidan, sa'an nan aka same shi, mai sayarwa ya karya yarjejeniya, ko ya sani ko bai sani ba.

Idan ɗaya daga cikin waɗannan ta tabbata, mai saye yana iya neman kotu ta warware cinikin, ya mayar da gida a mayar masa da kuɗinsa. Ko kuwa ya riƙe gidan ya nemi diyyar asarar da ya yi, watau bambancin daraja da kuɗin cirewa da sakewa. Amma hakkin warwarewa yana iya suɓucewa idan ya yi jinkiri bayan ya gane, ko ya nuna ya amince da cinikin, ko ya rushe ya sake fasalin gidan, ko ya sayar wa wani. Har wa yau akwai dokar ƙayyade lokacin shigar da ƙara, wadda idan wa'adinta ya wuce kotu ba za ta saurara ba. Ban da wannan, Dokar Final Kot da jihohin Arewa suka gada tun 1960 ta lissafa zamba cikin laifuffuka, don haka mayaudari yana iya fuskantar tuhuma ban da biyan diyya.

ABIN DA SHARI'AR MUSULUNCI TA TANADA

Yawancin cinikin gida a Bangi ana yinsa ne tsakanin Musulmi, gaban shaidu, bisa tsarin da aka saba. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Arewa suke bi, nauyin da ke kan mai sayarwa ya fi na dokar Ingila. Wajibi ne ya bayyana duk aibin da ya sani, wanda da mai saye ya san shi da ya fasa ko ya rage kuɗi, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Bai isa ya ce gida ne tsoho, ko ya ce an saya yadda aka gani ba. Sai ya nuna aibin ya faɗi girmansa. Wanda ya sani ya ɓoye, shi ne malamai ke kira mai algus, kuma sharaɗin cewa ba ruwansa da duk abin da ya fito daga baya ba ya kare shi daga aibin da ya sani.

Mai saye yana da abin da ake kira zaɓin aibi, matuƙar aibin ya riga ciniki, ɓoyayye ne, kuma bai san da shi ba a lokacin saye. Wannan zaɓi yana nan ko da mai sayarwa shi ma bai sani ba, sai dai wanda ya sani ya fi ɗaukar nauyi. Game da gidaje musamman, manyan littattafan mazhabar, irin su Muhtasar na Shehu Halilu da Tuhfa ta Ibnu Asim, waɗanda alƙalan Arewa suka daɗe suna hukunci da su, sun kasa aibi kashi uku. Ƙarami, wanda ba ya rage darajar gida: babu mayarwa, babu ragi. Matsakaici: mai saye ya riƙe gidan, a mayar masa da gwargwadon abin da aibin ya rage. Babba, wanda malamai da yawa suka auna da sulusin kuɗi ko fiye: mai saye yana da damar mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa duka.

A koma ga misalin manomi. Sulusin naira miliyan 6 shi ne miliyan 2. Idan masana suka ƙiyasta cewa aibin ya rage darajar gidan da naira 900,000, hakkinsa shi ne a mayar masa da wannan adadi. Idan kuwa rufi da silin duka sun ruɓe har ragin ya kai miliyan 2, yana iya mayar da gidan. Alƙali ne ke yanke wannan bayan ya ji ta bakin masana gini. Shi ne kuma zai duba ko asbestos ɗin da bai lalace ba aibi ne a al'adar wurin, da kuma ko kwanon da kowa ke hange daga titi za a kira shi ɓoyayye. A nan ma, wanda ya gane aibi ya yi shiru ba tare da uzuri ba, ko ya ci gaba da rushe-rushe da ƙare-ƙare, ko ya sa gidan a kasuwa, ana iya ɗauka ya yarda, zaɓinsa ya faɗi.

INA ZA A KAI KUKA?

Matakin farko shi ne sulhu. A sanar da mai sayarwa da dillali a rubuce, a sa kwanan wata, a ajiye kofi, a kuma gayyato shaidun ciniki gaban mai unguwa ko hakimi. Sau da yawa mai sayarwa bai san sunan abin da ke rufinsa ba, domin shi ma gada ya yi, ko saye ya yi a haka. Irin wannan akan daidaita da shi a kan ragi cikin mutunci. Duk abin da aka amince a kai, a rubuta, kowa ya sa hannu.

Idan sulhu ya gagara, sai kotu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta raba filaye gida biyu: waɗanda Gwamna ke ba da izinin mallakarsu, da waɗanda ƙaramar hukuma ke bayarwa bisa al'ada a wajen birane. Shari'ar da ta shafi izinin Gwamna ta Babbar Kotun Jiha ce. Wadda ta shafi izinin ƙaramar hukuma ana iya kai ta ƙananan kotuna, kuma Kotun Ƙoli ta yanke a shekarar 2000, a shari'ar Adisa da Oyinwola, cewa Babbar Kotu ma tana da ikon sauraronta. Lauya shi ne zai duba takardu ya faɗi ƙofar da ta dace. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman shawara a Hukumar Ba da Taimakon Shari'a, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1976. Wannan doka ta 1978 ta kuma shardanta amincewar Gwamna ko ta ƙaramar hukuma kafin mallaka ta tashi daga hannu zuwa hannu. Wanda ya tsallake wannan ya raunana ƙafarsa tun kafin ya isa gaban alƙali.

Idan kuwa ɗan kasuwa ne ya sayar wa mutum tsohon kwano ko silin na asbestos da sunan sabon kaya marar illa, Dokar Gasa da Kare Masu Saye ta 2018 ta hana bayanin ƙarya a kan kaya, kuma akwai hukumar tarayya da ke karɓar irin wannan ƙorafi. Sha'anin tarkacen gini da gurɓata muhalli kuwa yana hannun hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tare da hukumar kare muhalli ta Jihar Neja da duba-gari na ƙaramar hukuma.

Kotu ba ta aiki da zato. Mai ƙara yana bukatar takardar ciniki da rasidai, da hotunan wurin, da shaidar waɗanda suka ji tambaya da amsa, da shaidar maginin da ya gargaɗi mai sayarwa, da rahoton injiniya ko mai ƙiyasta darajar gidaje mai rajista, da kuma sakamakon gwaji. Gwajin yana da muhimmanci, domin sabon allon siminti marar asbestos yana kama da tsohon ƙwarai. Ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai, da madubin ƙara girman abu, ke iya tabbatarwa.

KAFIN A BIYA KUƊI

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ma'aikata tana ba duk mai niyyar sayen gida shawara ya kiyaye waɗannan abubuwa:

1. Ya tambayi shekarar da aka gina gidan da shekarar da aka yi rufi da silin. Duk ginin da ya riga shekarun 2000 abin lura ne.

2. Ya je da maginin da shi ya zaɓa, wanda ba shi da rabo a la'ada, su duba da rana, su leƙa saman silin, su duba kicin da banɗaki da shagon waje. Kwanon asbestos toka-toka ne, mai kauri da nauyi, ba ya tsatsa, ba ya lanƙwasa sai dai ya karye.

3. Ya yi tambaya ƙarara gaban shaidu biyu: akwai asbestos a gidan nan? An taɓa gaya maka akwai? Yaushe aka yi wannan fenti, kuma don me? Matambayi ba ya ɓata.

4. A rubuta amsar a cikin takardar ciniki, a kuma maimaita ta a takardar miƙa mallaka ta ƙarshe, tare da sharaɗin cewa idan aka sami saɓanin haka, mai sayarwa zai biya kuɗin cirewa ko ya karɓi gidansa.

5. Kada ya sa hannu a takardar da bai iya karantawa ba sai wanda ya amince da shi ya fassara masa, musamman inda aka rubuta cewa ya saya yadda ya gani.

6. Kada ya ba da kafin alƙalami a kan gidan da bai shiga ba. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Samun asbestos a gida ba ya nufin tilas a fasa ciniki. Wanda ya sani tun farko yana iya neman ragi, ya ware kuɗin gyara, ya saya da idonsa buɗe. Abin da ake gudu shi ne a biya kuɗin lafiyayyen gida a karɓi mai aibi.

IDAN AN RIGA AN TARE

Babban kuskuren da mai saye yakan yi shi ne ya fusata ya ɗauki guduma ya farfasa silin. Da wannan ya yi asara biyu: ya cika gidansa da ƙurar da ake gudu, ya kuma lalata shaidarsa. Abin da ya dace shi ne a fitar da yara daga ɗakin da ya lalace, a rufe shi, a ɗauki hoto. Kada a share garin da busasshiyar tsintsiya. A yayyafa ruwa, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a ƙulle tsumman a leda. Allon da bai lalace ba a bar shi a inda yake, a shafe shi da fenti ba tare da kankarewa ba, a toshe yoyon da ke sama.

Idan cirewa ta zama tilas, a ba wanda ya san aikin. A jiƙa allon, a zare ƙusoshi, a sauke shi ɗungurungum ba tare da karyawa ba. Ma'aikaci ya sa takunkumin da aka yi musamman domin tace irin wannan ƙura, domin rawani ko ƙyalle ba sa tare ta. Kada ya kai kayan aikinsa gida matarsa ta kakkaɓe. A naɗe tarkacen a leda mai kauri ninki biyu, a tambayi duba-gari inda za a binne. Kada a ƙone shi, kada a cike rami a titi da shi, kada a yi akurkin kaji ko murfin rijiya da shi, kada a ɗora shi a kan murhu a gasa masara ko nama, kada kuma a sayar wa wani.

Magini ko kafintan da ya daɗe yana yanka irin wannan allo, idan ya ga numfashinsa yana yankewa, ko tari ya ƙi ƙarewa, ko ƙirji yana ciwo, ko yana rama, ya je Babban Asibitin Kontagora, ya gaya wa likita irin aikin da ya yi da yawan shekarun. Alamun suna kama da na tarin fuka, kuma wannan bayani ne zai sa likita ya zurfafa bincike, ko ya tura shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya.

KIRA GA MASU SAYARWA DA DILLALAI DA SHUGABANNI

Mai sayarwa ya tuna cewa ragin da zai yi idan ya faɗi gaskiya bai kai abin da zai biya idan asiri ya tonu ba, ga zubar da mutunci, ga alhakin yaran da za su kwana a ƙarƙashin wannan silin. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Dillali ya tuna cewa amana ita ce jarinsa; la'adar gida ɗaya ba ta kai sunansa a gari ba. Masu unguwanni da dagatai, waɗanda a gabansu ake ƙulla yawancin ciniki, suna iya kawo gyara mai yawa da tambaya ɗaya tak kafin su sa hannu a matsayin shaidu: an faɗa wa mai saye abin da ke rufin gidan nan?

A taƙaice, doka tana tsaya wa wanda ya tambaya, ya kafa shaidu, ya rubuta, ya kuma yi hanzarin neman hakkinsa da zarar ya gane an cuce shi. Wanda ya ji wannan jawabi ya isar da shi ga wanda bai ji ba, musamman 'yan'uwan da suka baro ƙauyukansu suna neman inda za su sa haƙarƙarinsu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba da zaman lafiya a ƙasar Kontagora da Nijeriya baki ɗaya, amin.